Amitabh: ma'ana da tarihin sunan da Hausawa ke kira 'Amita'

Kusan shekaru 50 ke nan da sunan Amitabh ya shiga bakin Hausawa ta hanyar finafinan Indiya, inda suka gajarce shi suka mayar da shi "Amita".

Sai dai sunan ya girmi silima nesa ba kusa ba. An same shi a rubuce a jikin wani dutse da aka sassaƙa fiye da shekaru 1,800 da suka wuce, kuma har yanzu miliyoyin mabiya addinin Buddha a gabashin nahiyar Asiya suna ambatonsa a cikin ibadarsu ta yau da kullum.

A garuruwan arewacin Jihar Kaduna irin su Makarfi da Ikara da Kudan, da ƙauyukan da ke kewaye da su kamar Taba, da wuya a samu magidancin da ya yi samartakarsa a zamanin gidajen kallon bidiyo wanda zai ce bai san Amita ba. Kamar a sauran sassan ƙasar Hausa, samari kan laƙaba wa junansu sunayen jaruman Indiya, wani lokaci ma laƙabin ya bi mutum har girma.

Ba kowa ba ne dai ya san abin da sunan yake nufi, ko inda ya samo asali. Sanin hakan kuwa na da muhimmanci a al'ummar da ke ɗaukar raɗa kyakkyawan suna a matsayin haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa.

Harshen Sanskrit

Amitabh kalma ce ta Sanskrit, tsohon harshen da aka rubuta littattafan addinin Hindu da shi, da kuma da yawa daga cikin na addinin Buddha. An daɗe ana amfani da shi a matsayin harshen ibada da ilimi, yayin da jama'a ke harkokinsu na yau da kullum da wasu harsunan.

Masana na ƙiyasta cewa an tsara littafi mafi tsufa a harshen, wato Rigveda, tsakanin shekara ta 1500 zuwa ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya wani malami mai suna Panini ya tsara nahawun harshen cikin ƙa'idoji kusan 4,000.

Sanskrit na cikin harsuna 22 da tsarin mulkin Indiya ya amince da su, ko da yake a ƙidayar jama'a ta shekarar 2011 mutane ƙasa da 25,000 ne suka bayyana shi a matsayin harshen uwa. Duk da haka, daga cikinsa ne galibin mabiya addinin Hindu ke samo sunayen 'ya'yansu.

Harshen dai ba baƙo ba ne ga Hausa kamar yadda ake zato. Manomin rake a Makarfi ko Hunkuyi idan ya ce "sukari", yana furta kalmar da ta faro daga "sharkara" ta Sanskrit, wadda ta bi ta Farisanci ta shiga Larabci a matsayin "sukkar", kafin ta iso nan. Masana sun ce ta irin wannan hanya ce kalmomin sandal da almiski su ma suka biyo.

Haka kuma tun kafin zuwan silima akwai sunayen Sanskrit a ɗakunan karatun malamai. Littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci a ƙarni na 8, tushensa wani littafin Indiya ne mai suna Panchatantra, kuma sunayen diloli biyu na labarin, Karataka da Damanaka, su ne suka rikiɗe suka koma Kalila da Dimna. Masu nazarin adabi na lissafa shi cikin littattafan da Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga cikinsu lokacin da ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, wanda aka fara bugawa a 1937.

Ma'anar sunan

Cikakken sunan a Sanskrit shi ne Amitabha, kuma ya kasu gida uku.

Kashi na farko, wato "a", harafin korewa ne, kamar yadda Bahaushe zai ce "marar". Kashi na biyu, "mita", na nufin abin da aka auna. Na uku kuwa, "abha", na nufin haske ko ƙyalli.

Idan aka haɗa na farko da na biyu sai a samu "amita", wato abin da ba ya aunuwa. Idan aka ƙara na uku sai ma'anar ta zama "mai haske marar iyaka".

Masana harsuna da dama na ganin cewa wannan "mita" tushenta ɗaya da kalmar Girkanci "metron", wadda ke nufin ma'auni, kasancewar Sanskrit da Girkanci dangin juna ne. Daga kalmar Girkancin ne Turawa suka samo sunan ma'aunin tsawo, wanda Hausa ta ara take cewa mita, kamar a "mita 100" ko "mitar wuta". Amma mitar da Bahaushe ke nufi idan ya ce wane ya cika mita, kalmar Hausa ce da ba ta da alaƙa da wannan.

A harshen Hindi na zamani ba a furta gajeren wasalin "a" da ke ƙarshen irin waɗannan kalmomi. Shi ya sa Rama ya koma Ram, Amitabha kuma ya koma Amitabh. A yankin Bengal wasu kan rubuta shi Amitav, kamar sunan marubucin nan Amitav Ghosh, wanda aka haifa a Kalkata a 1956.

Hausawa kuwa, da yake yawancin kalmominsu da wasali suke ƙarewa, kuma babu sautin "bh" a harshensu, sai suka yar da ƙarshen sunan. Abin da ya rage shi ne "marar iyaka", hasken ya faɗi a hanya.

A Indiya dai Amita sunan mata ne. Takwaransa na maza shi ne Amit, kamar sunan Amit Shah, wanda ya zama ministan cikin gida na ƙasar a 2019.

Asalinsa a addinin Buddha

Tarihin sunan ya fara ne daga reshen addinin Buddha da ake kira Mahayana, wanda ya bunƙasa a arewacin Indiya a ƙarnonin farko na miladiyya.

Mabiya wannan reshe sun yi imani da cewa baya ga Siddhartha Gautama, mutumin da ya kafa addinin wajejen ƙarni na 5 kafin miladiyya, akwai wasu masu matsayin Buddha da dama. Amitabha na cikin mafiya shahara a cikinsu. Masana tarihi ba sa ɗaukarsa a matsayin mutumin da ya taɓa rayuwa a duniya, a cikin littattafan addinin kawai ake samun labarinsa.

A cewar waɗannan littattafai, wani sarki ne ya bar gadon mulki ya shiga zuhudu, ya ɗauki sunan Dharmakara, sannan ya yi alkawura 48. Mafi shahara a cikinsu shi ne cewa duk wanda ya ambaci sunansa da zuciya ɗaya, za a sake haihuwarsa a wata ƙasar ni'ima da ke yamma, wadda suke kira Sukhavati. Suna kuma kiransa da wani sunan, Amitayus, wato mai rayuwa marar iyaka.

Shaida mafi tsufa da aka samu a rubuce a jikin dutse ita ce ta Govindnagar, kusa da birnin Mathura a arewacin Indiya. Gindin wani mutum-mutumi ne da ke ɗauke da sunan Amitabha, kuma rubutun ya nuna an yi shi ne a zamanin Sarki Huvishka na daular Kushan, wajejen shekara ta 153 miladiyya.

Addinin Buddha ya ja baya sosai a Indiya tun wajejen ƙarni na 12 zuwa na 13. A ƙidayar 2011 mabiyansa ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Galibin masu sunan Amitabh a Indiya mabiya addinin Hindu ne, kuma ma'anar haske ce iyayensu suka duba.

Daga Indiya zuwa Sin da Japan

A wajen Indiya ne sunan ya fi samun karɓuwa.

A shekara ta 179 miladiyya wani malamin addinin Buddha mai suna Lokaksema ya fassara wani littafi da ya ambaci Amitabha zuwa Sinanci a birnin Luoyang. A shekara ta 402 kuma wani malamin, Huiyuan, ya tara mabiyansa a kan tsaunin Lu, inda suka yi alkawari a gaban mutum-mutumin Amitabha. Ana ɗaukar wannan taro a matsayin mafarin ɗariƙar da ake kira "Tsarkakakkiyar Ƙasa" a Sin.

Su ma mutanen waɗannan ƙasashe a daidai inda Hausawa suka yanke sunan suka yanke shi. Sinawa na cewa Amituo, Japanawa na cewa Amida, Koriyawa kuwa Amita suke cewa, kamar dai yadda ake faɗa a Kano ko Zariya.

A Sin, mabiya addinin kan ce "Amituofo", wato Buddha Amituo, a matsayin gaisuwa ko godiya ko addu'a. Masu kallon finafinan faɗa na ƙasar Sin, waɗanda su ma suka yi tashe a gidajen silima na arewacin Najeriya, sun sha ganin malaman haikalin Shaolin sun haɗa tafin hannu suna furta wannan kalma. Sunan jarumin Indiyan da suka sani ne, ya zo musu ta wata ƙofar.

A Japan, wani malami mai suna Honen ya kafa ɗariƙar Jodo a 1175, inda ya koyar da cewa ambaton sunan Amida kaɗai ya isa ibada. Almajirinsa Shinran, wanda ya rasu a 1263, shi ne tushen ɗariƙar Jodo Shinshu, ɗaya daga cikin mafiya yawan mabiya a ƙasar.

Katafaren mutum-mutumin tagulla da ke birnin Kamakura, wanda aka fara ƙerawa a 1252 kuma tsayinsa ya haura mita 11, na Amida ne. Haka ma wanda ke Ushiku, mai tsayin mita 120, da aka kammala a 1993. A Tibet kuwa, mabiya na ɗaukar Panchen Lama, babban malami na biyu bayan Dalai Lama, a matsayin bayyanar Amitabha a doron ƙasa.

Yadda jarumin ya samu sunan

An haifi Amitabh Bachchan ranar 11 ga watan Oktoban 1942 a birnin Allahabad, wanda aka sauya wa suna zuwa Prayagraj a 2018. Mahaifinsa, Harivansh Rai Bachchan, fitaccen marubucin waƙoƙin Hindi ne, mahaifiyarsa Teji kuma ta fito ne daga gidan mabiya addinin Sikh.

Shekarar da aka haife shi ita ce wadda Mahatma Gandhi ya ƙaddamar da gangamin neman Turawan Ingila su fice daga Indiya. Saboda haka ne aka ambaci sunan Inquilab a gidan, kalmar da ta samo asali daga Larabci, mai nufin juyin juya hali. Amma wani abokin mahaifin nasa, marubucin waƙoƙi Sumitranandan Pant, shi ne ya ba da sunan Amitabh, kuma shi ne ya tabbata.

Da aka haifi ƙaninsa sai aka sa masa Ajitabh, wato mai hasken da ba a rinjaya.

Shi kansa Bachchan ba sunan zuriyarsu ba ne tun asali. Sunan gidan shi ne Srivastava. Bachchan, mai nufin "kamar yaro", laƙabin da mahaifin ke sa wa rubuce-rubucensa ne, daga baya ya zama sunan iyalin baki ɗaya.

Amitabh ya fara fitowa a fim ɗin Saat Hindustani a 1969, amma Zanjeer na 1973 shi ne ya fito da shi. Sai Deewaar da Sholay a 1975, da Amar Akbar Anthony a 1977, da Don a 1978. A finafinai da dama ya fito da sunan Vijay, shi ma daga Sanskrit, mai nufin nasara.

A fim ɗin Coolie na 1983 ya fito a matsayin Iqbal, Musulmi ɗan dako a tashar jirgin ƙasa, mai ɗauke da lamba 786, wadda Musulmin Indiya ke ɗauka a matsayin lissafin haruffan Bismillah. A wajen ɗaukar wannan fim ne ya samu mummunan rauni a watan Yulin 1982, har ya kusa rasa ransa.

Zuwansa ƙasar Hausa

'Yan kasuwa Kwarori 'yan asalin Lebanon, waɗanda suka mallaki gidajen silima a Kano da wasu biranen arewa, su ne suka fara shigo da finafinan Indiya a cikin shekarun 1950.

Daga baya talabijin ya shigar da su har cikin gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya rubuta cewa tashar NTA Kano kaɗai ta nuna finafinan Indiya 1,176 tsakanin watan Oktoban 1977 da watan Yunin 2003. Wannan lokaci ya zo daidai da ganiyar tashen Amitabh. Da kaset ɗin bidiyo da janareto suka yawaita, sai finafinan suka isa ƙauyukan da ba su taɓa samun gidan silima ba.

Wani masanin al'adu, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a cikin shekarun 1990, ya ce Hausawa sun ga kamannin rayuwarsu a finafinan, ta fuskar sutura da kunya da biyayya ga iyaye da kuma batun auren dole.

Ya kuma kawo laƙabobin da masu kallo suka raɗa wa jaruman: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt shi ne Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa Mace suke ce masa. Ke nan musayar sunan ta kowane ɓangare ta gudana.

Al'adar ta shiga masana'antar finafinan Hausa, inda aka daɗe ana kwatanta Ali Nuhu da Shah Rukh Khan, yayin da wata jaruma ta yi suna da Farida Jalal, sunan wata 'yar fim ta Indiya. A cikin shekarun 2010 kuma fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta sa sabbin matasa sun saba da sunayen.

Sauran sunayen da aka saba ji

Ba duka sunayen jaruman Indiya ne suka fito daga Sanskrit ba. Salman da Aamir da Farida na Larabci ne, Shah Rukh na Farisanci ne, Khan kuwa sarauta ce ta Turkawa da Mongol.

Daga cikin na Sanskrit, wasu ma'anarsu ba ta shafi bauta ba. Raj na nufin mulki, Kumar na nufin saurayi ko ɗan sarki, Anand na nufin farin ciki, Prem kuma ƙauna.

Wasu kuwa suna ɗauke da sunan abin bauta a cikinsu. Dharmendra da Jitendra duk sun ƙare da Indra, wanda mabiya addinin Hindu ke ɗauka a matsayin sarkin allolinsu. Govinda ɗaya ne daga cikin sunayen Krishna, Mahesh kuma na Shiva. Rajesh na nufin ubangijin sarakuna.

A Indiya ma an samu Musulmin da suka yi aiki da irin waɗannan sunaye a fagen sana'a. Dilip Kumar, wanda ya rasu a 2021, sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan. Ya ɗauki laƙabin ne lokacin fim ɗinsa na farko a 1944.

Sunan yanka da laƙabi

A ƙasar Hausa an bambanta sunan yanka, wanda ake yi wa jariri huɗuba da shi, a bayyana shi ranar bakwai tare da yanka rago, da kuma laƙabin da ke biyo baya.

Sunan yanka a wajen Musulmi kusan kullum daga sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzon Allah (SAW) yake fitowa, ko kuma daga sunayen da ke nuna bauta ga Allah, kamar Abdullahi da Abdurrahman.

Laƙabi kuwa ƙofarsa a buɗe take. Akwai na rana kamar Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe, akwai na yanayin haihuwa kamar Tanko da Gambo da Auta, akwai kuma na alkunya, kamar Abba ko Baba ga yaron da ya ci sunan kakansa. Ta wannan ƙofa ce sunayen Indiya suka shigo, kuma galibi a nan suka tsaya.

Malaman Musulunci dai ba su hana suna don kawai ba na Larabci ba ne, domin Ibrahim da Isma'ila da Yusufu ma asalinsu ba Larabci ba ne. Abin da suke dubawa shi ne ma'ana.

Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya sauya wa wasu sahabbai suna. Ya mayar da Barra ta koma Zainab, kuma Abdurrahman ɗan Aufu ba da wannan suna aka san shi ba kafin ya musulunta. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya yi kakkausan hani ga mutum ya kira kansa sarkin sarakuna. Ibn Ƙayyim ya tattara waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Tuhfatul Maudud, inda ya kawo haɗuwar malamai a kan haramcin duk sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah.

A bisa wannan ma'auni, Raj da Vijay ba matsayinsu ɗaya da Govinda ko Rajesh ba. Shi kuwa Amitabh yana tsakiya ne: kalmomin da suka haɗa shi haske kawai suke nufi, amma tarihinsa na abin bauta ne ga wasu al'ummomi.

Ga mahaifin da ma'anar ce ta burge shi, akwai sunaye masu nufin haske da Hausawa suka daɗe suna raɗa wa 'ya'yansu maza, irin su Nura da Nuruddini da Muniru da Anwar da Sirajo. Vijay kuwa, mafi kusa da shi a ma'ana shi ne Mansur, wato wanda aka ba nasara.